Ɗalibi ya kashe kuɗinsa ya je kallon gidajen sarakunan Faransa, ko ya haƙura?

YarMaradi_37
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zuwa ƙasar nan. Wata na biyu ke nan a Tours ina karatun ilimin halittu, ƙarshen watan nan na Oktoba za a ba mu hutun sati ɗaya. 'Yan ajinmu ba su da magana sai ta shato, wato tsofaffin gidajen sarakuna da manyan Faransa, wannan ta ce Chenonceau wancan ya ce Chambord, har wata malamarmu ta ce min bai kamata mutum ya zauna a Tours ya koma gida bai ga ko ɗaya ba. Ni kuma da na cire kuɗin ɗaki da abinci da katin bas abin da ya rage min bai wuce yuro 60 ba, kusan jika 40 ke nan a kuɗinmu, kuma na san wahalar da babana ya sha kafin ya haɗa su. Zuciyata ta kasu biyu wallahi. Ina son in gani da idona, amma ina jin nauyin in ɗauki kuɗin guminsa in je kallon ɗakin kwanan wani sarki da ya mutu shekara ɗari biyar. Waɗanda suka je, me kuka ƙaru da shi tsakani da Allah?

Abba_Lyon
Wa alaikumus salam. Ki je ƙanwata, ba kullum za ki kasance a nan ba. Ni shekara uku na yi ina cewa sai hutu mai zuwa, yanzu saura min wata takwas in koma ban je ko'ina ba.

Injiniya_Grenoble
Ni dai ban goyi baya ba. Kin zo a Satumba, ba ki san sanyin ƙasar nan ba tukuna. Kina da rigar sanyi ta kirki? Kina da takalmin da ruwa ba ya shiga? In babu to yuro 60 ɗin nan ya riga ya samu inda za shi. Shato ba zai gudu ba, sanyi kuwa nan da sati uku yana ƙofar ɗakinki.

Baban_Hanifa
Shekarunki nawa 'yata? Don amsar tana nan. In ba ki cika 26 ba kuma kina da takardar zama ta ɗalibi, wuraren tarihin da ke hannun gwamnati kyauta za ki shiga, ba sai kin zama 'yar Turai ba, zama a ƙasar bisa ƙa'ida ya isa. Kusa da ke akwai Azay-le-Rideau, ɗan ƙaramin shato ne a tsakiyar ruwan kogin Indre, ko sisi ba za ki biya a ƙofa ba. Haka na Angers, haka Fontainebleau, haka Versailles kanta. Kuɗin jirgin ƙasa kawai za ki nema. Yaranmu da yawa ba su san wannan ba har su cika 26 damar ta wuce su, abin yana ba ni takaici. Sa'an nan daga Nuwamba zuwa Maris, Lahadin farko ta kowane wata yawancin irin waɗannan wuraren kyauta ne ga kowa komai shekarunsa.

YarMaradi_37
Shekara 22 Baba. Wallahi ban san da wannan ba, Allah ya saka da alheri. Ke nan Chenonceau ɗin ma kyauta ne?

Sani_Orleans45
A'a, nan ne mutane suke kuskure. Chenonceau ba ta gwamnati ba ce, tana hannun iyalan Menier, waɗanda suka yi suna da kamfanin cakulan a da, tun 1913. Villandry ma ta wasu iyali ce, Amboise wata gidauniya ce ke riƙe da ita, Clos Lucé ma masu ita daban. Duk waɗannan sai kin biya, sai dai akwai ragi in kin nuna katin ɗalibi. To ki ware su kashi biyu a kanki, na gwamnati da na masu zaman kansu. Kuma ki duba shafin kowanne kafin ki tashi don farashi yana canzawa.

Hadizatou_Poitiers
Ki tafi da fasfo ɗinki da takardar da aka tabbatar miki da bizar a intanet, ki buga ta a takarda kar ki dogara da waya. Ni a wani wuri matar da ke sayar da tikiti ta ce min kyautar ta 'yan Turai ce kawai, na ce mata ina zaune a ƙasar da izini, ta ƙi, ga layi a bayana mutane suna kallona, raina ya ɓaci sosai amma ban ɗaga murya ba na ce dan Allah ta kira babbanta. Da ya zo ya duba takardar minti ɗaya bai yi ba ya ba ni tikitin ya ba ni haƙuri. Da ba ni da takardar a hannu da biya zan yi ko in juya.

Abba_Lyon
Wannan shawara ce mai kyau Hadiza.

Maman_Ilham
Ni zan amsa ainihin tambayar, wato me aka ƙaru da shi. Na je Chenonceau shekarata ta farko kuma har yau ina ganin wurin in na rufe ido. Daga Tours jirgi bai kai minti 40 ba kuma tashar tana bakin ƙofa, kina sauka sai wata doguwar hanya da manyan itatuwa dama da hagu, kina cikin tafiya sai ki hango gini fari tas a tsaye a KAN kogi, ba a bakin kogi ba, ruwan Cher yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Abin da ya fi kama ni labarin matan gidan ne. Sarki Henri na biyu ya ba wata mace da yake so, Diane de Poitiers, gidan a 1547, ita ta sa aka yi gadar. Da ya mutu a 1559 uwargidansa Catherine de Médicis ta karɓe gidan ta ba ta Chaumont a madadinsa, sa'an nan ta ɗora dogon zaure mai tsawon mita 60 a kan gadar da waccan ta gina. Lambu biyu ne a gaban gidan, ɗaya na wannan ɗaya na waccan, har yau suna fuskantar juna. Duk macen da ta tashi a gidan da ake da abokiyar zama ba sai an yi mata bayani ba, tana gani za ta gane abin da ya faru a wurin. Kuma zauren nan a yaƙin duniya na farko asibiti aka mayar da shi, an yi jinyar sojoji sama da 2,000 a ciki. A yaƙi na biyu kogin ne ya zama iyaka tsakanin ɓangaren da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, ƙofar shiga tana wannan ɓangare ƙofar ƙarshen zauren tana wancan, mutane sun tsere ta nan. Ni a makaranta tarihin Faransa hadda kawai na yi don jarrabawa, ranar nan ce na fara jin cewa mutane ne masu jini da tsoka suka yi shi.

Bagobiri_227
Ku yi haƙuri amma ni wannan abu ba ya shiga kaina. Mutanen nan sun kwashe arzikinmu sunka gina gidajen alfarma, yanzu kuma mu ɗauko ɗan abin da iyayenmu sunka tara mu sake kai musu don mu kalli abin da anka gina da jininmu? Kun manta abin da hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine sunka yi a Birnin Konni da Lugu a 1899? Ni karatu ya kawo ni, in na gama in koma, ban zo yabon gininsu ba.

Malam_Tarihi
Bagobiri ɗan uwana, zafin da kake ji gaskiya ne kuma ni ma ina jin sa, amma mu ajiye kowace magana a wurinta. An fara gina Chambord a 1519, Azay-le-Rideau a 1518, lokacin Faransa ba ta da ko taki ɗaya a ƙasarmu, saura kusan shekara 380 kafin su Voulet su zo. Waɗannan da harajin talakan Faransa aka gina su, manomin da ke biyan kuɗin gishiri dole, kuma shi ya sa jikokinsa suka tashi suka yi juyin juya hali a 1789. Inda maganarka take da ƙarfi shi ne zamanin Louis na 14. A Versailles ɗin nan da ake yabo aka fitar da dokar da ake kira Code Noir a watan Maris 1685, wadda ta ɗauki bawa baƙar fata a matsayin kayan gida da ake gada. To ni a ganina wannan dalilin zuwa ne ba dalilin ƙin zuwa ba. In ka tsaya a zauren madubai, tsawonsa mita 73 da madubi 357, ka san a gidan nan aka sa hannu a waccan doka, kallon da za ka yi masa daban ne da na ɗan yawon buɗe ido mai ɗaukar hoto. Kuma in kana son ganin inda suka faɗi abin da bakinsu, ka je Nantes. Gidan tarihin garin yana cikin shaton sarakunan Bretagne, akwai ɗakuna a kan cinikin bayi, da sarƙoƙin, da takardun lissafin jiragen, don Nantes ce tashar da ta fi kowacce a Faransa tura jiragen bayi. A bakin kogi kuma akwai wurin tunawa da aka buɗe a 2012, sunayen jiragen suna jere a ƙasa kana takawa kana karantawa.

Bagobiri_227
Na ji Malam, kuma na yarda da gyaran da ka yi kan shekarun. Amma nawa ne cikin masu zuwa ke tuna Code Noir? Hoto suke ɗauka su sa a Facebook a ce suna Turai. Nantes ɗin dai zan iya zuwa, wannan kam na ji zan iya.

Dan_Agadas
Wanda bai je Amboise ba cikinku dan Allah ya je, musamman kai Bagobiri. Ba don kabarin Leonardo da Vinci ba, ko da yake yana nan a wata 'yar majami'a a cikin gidan kuma duk jama'a can suke tururuwa. A gidan nan aka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya daga 1848 zuwa 1852, shi da mahaifiyarsa da iyalinsa da mabiyansa. Ya yaƙi Faransa shekara 15, ya ajiye makami a ƙarshen 1847 bisa alkawarin za a bar shi ya tafi gabas, aka saɓa alkawarin aka kawo shi nan. Mutanen da suka saba da rana aka zuba su a gidan dutse mai sanyi da danshi a bakin kogin Loire, 25 daga cikinsu a nan suka rasu, da mata da ƙananan yara. In ka hau can saman lambun, bayan inda mutane suke tsayawa, za ka tarar da maƙabartarsu, an gyara ta a 2005, duwatsu 25 a jere da rubutun Larabci, da layin wani tsiro mai ƙamshi da aka shuka yana nuna alƙibla. Ranar da na je ni kaɗai ne a wurin, ana yayyafi. Na tsaya na yi musu addu'a na karanta abin da ya sawwaƙa, wallahi sai da hawaye suka zo min, don na tuna mu da kanmu muka zo kuma muna da tikitin komawa amma kewar gida tana hana mu barci, ina ga waɗanda aka kawo dole suka binne 'ya'yansu a nan. Daga Tours minti 20 ne a jirgi, ki sauka ki tsallaka gada a ƙafa. In kuɗinki na wuri ɗaya ne tak ƙanwata, ni nan zan ce ki kai shi.

Hadizatou_Poitiers
Allahu akbar. Na je Amboise ban san da wannan ba, ban hau saman ba ma. Allah ya jiƙansu. Sai na koma.

Ummu_Sudais
Allah ya gafarta musu. Tunda an zo maganar addu'a, ya kuke yi da salla a irin wuraren nan? Ni abin da ke hana ni fita ke nan.

Sani_Orleans45
Ki yi alwala kafin ki fito ki sa safa, ki ɗauki 'yar sallaya mai naɗewa a jaka. A cikin ginin kam babu wuri kuma kar ma ki gwada, amma wuraren nan duk suna da fili da itatuwa, ni can gefe nake komawa inda ba kowa in yi abina ba wanda ya taɓa ce min komai. Abin lura shi ne Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan magariba tana faɗawa kafin ƙarfe shida, azahar da la'asar suna matsowa kusa da juna, to ki tsara tun daga gida. Maganar haɗa salla a tafiya kuma ki tambayi malamai ni ba malami ba ne. Abinci ki dafa ki tafi da shi, burodi da dafaffen ƙwai da kifin gwangwani da ruwa, abin da ake sayarwa a bakin shato yana da tsada kuma yawanci da naman alade a ciki.

Manomi_ABU
Ni daga Zariya na zo, noma nake karanta a Angers. Kowa yana maganar gini ba wanda ya taɓo lambu alhali YarMaradi ilimin halittu take yi. Ƙanwata Villandry ce taki, kilomita 15 ne kawai daga Tours, ki ari keke ki bi hanyar keke ta bakin kogin Cher, shimfiɗaɗɗiya ce ba hawa, kin ga kuɗin mota ya fita. Akwai tikitin lambu kaɗai ba tare da shiga ginin ba kuma ya fi araha. Abin da zai ba ki mamaki shi ne lambun da duniya take zuwa kallo na kayan miya ne. Kabeji, karas, latas, kabewa, tattasai, seleri, an raba wurin gida tara murabba'i, kowane gida da zanensa, an jera shukar bisa launi, jan kabeji kusa da kore kusa da mai ruwan toka, in kika hau sama kika leƙo sai ki ce darduma aka shimfiɗa. Wani likita ɗan Sifen mai suna Joachim Carvallo ne ya sayi gidan a 1906 shi da matarsa Ba'amurkiya suka sake tsara lambun. Sau biyu ake shuka a shekara, ba sa maimaita iri ɗaya a kwami ɗaya, kuma sun daina fesa maganin ƙwari na kemikal tun 2009. Na tsuguna na ɗebi ƙasar na murza a hannuna, baƙa ce mai laushi tana ƙamshin taki, sai na tuna fadamar kakana a bakin Galma, albasa da tumatir da yake jerawa kwami-kwami da igiya don layi ya miƙe. Aikin ɗaya ne wallahi. Bambancin su sun ɗauki mai lambu a matsayin gwani suna biyansa albashi suna rubuta tsarin kowace shekara a takarda, mu kuma yaro yana jin kunyar a ce ubansa ɗan lambu ne.

YarMaradi_37
Yaya Manomi ka taɓo min inda nake so. Mu ma a Jiratawa ana noman rani sosai, na tashi ina ganin zogale da albasa da tattasai. Amma ƙarshen Oktoba akwai abin gani kuwa? Ba duk sun bushe ba?

Manomi_ABU
Akwai, lokacin kabejin da kabewa ne ma, kuma ganyen itatuwa ya koma ja da rawaya. Amma kar ki wuce farkon Nuwamba. Wanda zai wuce ki bana shi ne lambun mai zane Monet a Giverny, farkon Nuwamba suke rufewa sai bazara.

Injiniya_Grenoble
Tunda kun ƙi jin maganar rigar sanyi bari in sa baki a ta lambu. Ni abin da ya tsaya min a Versailles ruwa ne. Wurin ba shi da kogi, fadama ce aka cike, amma sarki yana son maɓuɓɓugai ɗaruruwa su yi ta feshi. Suka gina wata na'ura a Marly a bakin kogin Seine, an gama ta 1684, manyan ƙafafun katako 14 ruwa yana juya su suna tura famfuna sama da 200 don a hau da ruwa kan tudu. Bai isa ba. Suka fara haƙa hanya don jawo kogin Eure daga nisan kilomita 80, aka zuba sojoji a aikin zazzaɓi ya kashe da yawa, yaƙi ya zo a 1688 aka watsar, ragowar gadar tana nan a Maintenon. Ƙarshe dabara aka koma yi, in sarki yana yawo a lambu masu kula da ruwa suna busa usur, a buɗe wanda yake dosa a rufe wanda ya wuce. Ni da na tashi ina bin layin famfo da jarka tun asuba, na tsaya a wurin ina lissafin garuruwa nawa wannan ƙoƙarin zai shayar, raina bai yi daɗi ba. Amma ta fuskar aikin injiniya na ƙaru, wannan ba zan musa ba, har yau wasu bututun na zamanin ne ake amfani da su kuma nauyin ruwa ne kawai ke tura shi daga sama.

Abba_Lyon
To ashe kai ma ka je Injiniya, kake hana yarinya.

Injiniya_Grenoble
Na je a shekarata ta biyu bayan na samu ɗan aikin da nake yi da yamma. Ban ce kar ta je har abada ba, cewa na yi ba da kuɗin watan nan ba. Doka ta ba ɗalibi damar aikin awa 964 a shekara, ta samu abin yi tukuna.

Dan_Agadas
Wani abu da nake so in ƙara. Ranar da na je Chambord mai yi mana bayani tana ta nanata 1519, 1519, sai na tuna babban masallacinmu na Agadas 1515 ake danganta shi da ita, hasumiyarsa mita 27 ta laka zalla, kuma har gobe ana salla a ciki, tun 2013 tsohon garin yana cikin jerin UNESCO. Sa'o'in juna ne ke nan. Gidan Rumfa na Kano ma ya girme su duka tunda Muhammadu Rumfa ya rasu 1499, kuma har yau sarauta tana ciki. Shi Chambord mai ɗaki 426 da murhu 282, wanda ya sa a gina shi François na farko duk kwanakin da ya yi a ciki ba su kai wata uku ba, ya mutu 1547 ba a gama ba. Ni zuwan nan bai sa na raina namu ba, ƙara min ganin girmansa ya yi.

Bakano_Lille
Gaskiya ne amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ina badalar Kano yau? An fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, ni da idona na ga ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo, wani wurin an yanka an yi shaguna. Masallacin fadar Zazzau da Babban Gwani ya gina wani ɓangarensa ya rufta a 2023 har aka rasa rayuka, na Zinder mai shekara sama da 150 ruwan 2024 ya kayar da shi. Su nan duk shaton da ka je za ka ga wani gefe an kafa ƙarafa ana gyara, don dutsen Loire ɗin nan fari mai laushi ne yana ci, ba wai ba ya lalacewa ba ne, kula ake yi kullum. Kuɗin tikitin da muke ƙorafi a kai wani ɓangarensa can yake tafiya. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara kafin damina, iyayenmu sun san haka, mu ne muka bari.

Bagobiri_227
Nan kam mun haɗu Bakano. Amma gyaran namu ba sai mun zo Faransa mun koyo ba, maginanmu na nan da ransu, ba a neman su ne.

Bakano_Lille
Ba ginin za mu koyo ba, riƙon za mu koyo. Yadda ake rubuta komai a ajiye, yadda ake kawo 'yan firamare aji guda su zauna a ƙasa malama tana nuna musu rufin ɗaki. Ni har na gama sakandare a Kano ba a taɓa kai mu Gidan Makama ba kuma ga shi nan a bakin fada.

Hadizatou_Poitiers
Mu koma kan tambayar yarinya dan Allah. In za ki Chambord ki yi hattara da mota, ba kamar Chenonceau ba ce, ba tashar jirgi a kusa. Sai kin sauka a Blois ki hau bas wajen kilomita 16, kuma bas ɗin ba shi da yawa, in lokacin baƙi ya wuce ma raguwa yake. Mu uku muka je muka shagala a saman rufin, don rufin kamar wani gari ne da hasumiyoyi da lunguna, da matakalar nan mai hawa biyu a naɗe da juna wadda mutum biyu za su hau suna hango juna ta taga amma ba za su haɗu ba. Kafin mu sauko bas na ƙarshe ya tafi. Duhu ya fara, wurin daji ne an kewaye shi da katanga mai tsawon kilomita 32, ga sanyi, ɗayarmu ta fara kuka. Tasi muka kira kuma abin da muka biya ya fi kuɗin duk tafiyar, satin nan taliya da mai muka ci har ya ƙare. Ki ɗauki hoton jadawalin dawowa tun kina sauka kuma ki sa ƙararrawa a waya.

Hajiya_Creteil
'Yata ni ba ɗaliba ba ce, shekarata 19 a ƙasar nan, yarana ne suka sa ni a zauren nan. Ki je, amma kar ki je ke kaɗai, ki samu 'yar uwa ko biyu, ki gaya wa wani inda za ki da lokacin dawowarki. Kuma ki kira babanki ki faɗa masa, kar ki ɓoye. Yadda kika ce kina jin nauyinsa na tabbata in ya ji kyauta ne shiga kuma kuɗin jirgi kaɗan ne zai sa miki albarka, uba yana son ya ji 'yarsa tana ganin duniya da hankalinta. Zancen rigar sanyi kuma Injiniya ya yi gaskiya, amma kar ki sayi sabuwa, ki nemi shagunan gwanjo na ƙungiyoyin taimako, akwai su a kowane gari. In ba ki samu ba ki yi min magana ta gefe akwai ta ɗiyata da ta yi mata kaɗan, zan aiko miki.

YarMaradi_37
Hajiya na rasa bakin godiya, Allah ya raya zuri'a ya saka da aljanna. Zan yi miki magana. Na kira Baba jiya da dare na karanta masa abin da Yaya Dan_Agadas ya rubuta kan Amir Abdulƙadir, ya yi shiru can ya ce in na je in yi musu addu'a har da tasa. Ga abin da na tsara, ku duba min. Litinin Azay-le-Rideau tunda kyauta ne, Laraba Villandry a keke ni da wata 'yar Senegal da muke hawa ɗaya, lambu kaɗai, Juma'a ko Asabar Amboise. Chenonceau da Chambord sai bazara in Allah ya kai mu. Na lissafa zai rage min kamar yuro 20.

Sani_Orleans45
Tsarin ya yi. Sai dai tashar jirgin Azay tana da ɗan nisa da shaton, ki sa rabin awa na tafiyar ƙafa a lissafi, kuma jiragen layin ba su da yawa ki duba na dawowa.

Injiniya_Grenoble
Yuro 20 har ƙarshen wata ya yi kaɗan a ganina, ko ciwon kai ya kama ki fa? Ni da za ki ji tawa ki bar Villandry ko Amboise ɗaya zuwa wani watan.

Manomi_ABU
In za a bar ɗaya to ba Villandry ba, don in aka cire kayan lambun sai kuma bazara. Amboise tana nan duk shekara.

Dan_Agadas
Haka ne tana nan, amma babanta ya riga ya ba ta saƙo.

Ummu_Sudais
YarMaradi in kun tsayar da ranar Amboise ki sanar da ni, daga Blois nake, jirgi ɗaya ne zai kawo ni mu haɗu a tasha. Zan taho da abincin mutum uku. Wa ya san ko ana barin mutum ya shiga da abinci cikin lambun, ko sai dai mu ci a bakin kogi kafin mu hau?